Rasuwar Uwar Biyu, Motar da Ba Ta Ciwo a Gaban Maza

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani haushi da har yanzu bai huce ba, ni Halimatusa'adiya Ismail, mazauniyar Kudan, ungozoma a wani ƙaramin asibiti da ke bayan Taba, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da waɗanda ba na arziki ba, rasuwar motata wadda aka fi sani da Uwar Biyu. Ta rasu ranar Lahadin da ta gabata da hantsi, a kwanar kwalbatin da ke kan hanyar burji ta bayan Taba, bayan doguwar jinyar da likitocinta suka rantse ba ta yi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ba a hannuna ta cika ba, kuma ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan da kyau.

Marigayiyar 'yar Kwatano ce, ƙarama, ruwan toka. Da gumina na saye ta, takardunta kuma da sunana suke. Ba ta da shan mai, ba ta da ƙorafi, ba ta taɓa sa ni roƙon mutanen unguwa su tura ni ba. Da na murɗa mukulli sai ta ce kirrr-rim, ta tsaya tana numfashi a hankali tana jira na. Ta shiga taɓon damina ta fita, ta bi tsakanin gonakin rake inda ganye ke marin gilashinta hagu da dama, ba ta ce uffan ba. Abin da na fi so a jikinta shi ne sitiyarinta. Ba irin na tsoffin motoci ba ne da ake zuba wa mai. Na lantarki ne, wani ɗan inji ne a ƙarƙashinsa yake taya hannu juyawa, shi ya sa da hannu ɗaya nake shan kwana, ɗayan yana baya riƙe da hannun mai naƙuda.

Sunanta kuwa matan Taba ne suka raɗa mata, ranar da muka ɗauko wata mai ciki za mu babban asibitin Makarfi, Hassana da Hussaina suka ƙi jira, suka faɗo a kujerar baya.

Ta rasu ta bar waɗannan tagwayen, da wasu yara masu dama da suka fara ganin duniya ta gilashinta na baya. Ta bar tayar ko-ta-kwana da ba ta taɓa taka ƙasa ba, da jak, da tabarmar roba, da bokitin da nake wanke hannu. Ta bar mata masu tsohon ciki a ƙauyukan da kwalta ba ta san da su ba, waɗanda a yau in abu ya rikice musu sai acaɓa ko amalanke. Ta kuma bar ni, da maganar da na yi ta faɗa tun bara ba a ji ba.

Ciwon ya fara ne a daminar bara. Ina cikin gargadar hanyar Taba sai na ji ƙit a ƙarƙashin sitiyari, wata 'yar fitila mai hoton sitiyari ta kama a gabana, motar ta ce ting. Nan take sitiyarin ya ƙame, ya zama kamar muciya a tuwon gidan biki, sai na sa hannu biyu da ƙirji kafin ya motsa. Na tsaya, na kashe ta, na sake tayarwa. Fitila ta mutu, sitiyari ya dawo da laushinsa kamar ba a yi ba. Haka ciwon ya ci gaba. Wani lokaci ta yi makonni lafiya lau, wani lokaci ta yi mini sau da yawa a tafiya ɗaya. Amma na lura da abu guda wanda bai taɓa saɓawa ba: a kan kwalta ba ta yi, sai an shiga gargada tana jijjiga.

To a nan masifar take. Maigidana, Baban Wasila, Allah ya ƙara masa lafiya, ya yarje mini tuƙi saboda aiki, na kuma gode. Amma tun da na sayi motar bai taɓa zama a ciki ina tuƙawa ba, haka ma duk wani mai gemu a gidanmu. In za a fita da namiji, shi ne a gaba da mukulli, kuma tafiyar maza ta kwalta ce, Zariya ko Makarfi ko Ikara. Masu shiga burji da ni su ne mata masu naƙuda da iyayensu, kuma wadda ciki ke murɗa wa ba ta da lokacin kallon fitila. Saboda haka marigayiyar ta yi ciwonta kaf a gaban mata, ta yi lafiyarta kaf a gaban maza. Wannan munafuncin kam na riƙe ta da shi, ko da yake ba a ambaton mamaci sai da alheri.

Na ce zan kai ta gareji. Baban Wasila ya ce matar aure ba ta tsayuwa a tsakiyar kanikawa, a ba Muktar ya kai. Muktar ƙaninsa ne, wato abokin wasana, wanda al'ada ta ba lasisin mayar da duk abin da na faɗa abin dariya, ta kuma hana ni fushi. Na zaunar da shi na yi masa bayani dalla-dalla, ƙit ɗin, da fitilar, da gargadar, da yadda take warkewa in an kashe an tayar. Ya ce ya ji. Da ya isa wurin Salman bakanike a Makarfi, ga abin da ya isar:

"Matarmu ce ta ce wai sitiyari na mata nauyi. Ka san hannun da ya saba da ɗaukar jarirai."

Shi da bakinsa ya dawo ya ba ni labarin yadda garejin ya kece da dariya, yana tsammanin zan taya shi.

Ga Malam Salman ina miƙa godiya ta musamman, irin wadda ake yi da haƙora a cije. Ya ɓata hantsi guda yana neman tulun man sitiyari a motar da ba a halicce ta da shi ba. Da ya rasa, sai ya canza wani ƙarfe a ƙafar gaba wanda lafiyarsa ƙalau, ya danƙara giris, ya ƙara wa tayoyi iska. Sannan ya ɗauke ta gwaji, shi kaɗai, a kan kwalta sumul, ya je har Tashar Yari ya dawo da rake a but, yana juya sitiyari da ɗan yatsa don kowa ya gani. Daga ƙarshe ya cire kan batir ya mayar, ya ce ya wanke mata ƙwaƙwalwa. Hukuncinsa, kamar yadda Muktar ya kawo mini shi da ɗuminsa: "Ka ce wa Hajiya mota garau take. Ta riƙa cin abinci."

Kwana kaɗan ciwo ya dawo. Aka ce akwai wani Gilbert a Ikara mai kwamfutar da ake jona wa mota ta karanto duk ciwon da ta taɓa yi, ko da ya wuce. Raina ya yi fari, na ce yau dai marigayiyar za ta yi magana da bakinta. Amma Muktar, don zumunci, sai da ya biya ta wurin Salman a gaisa, shi kuma Salman, don karamci, ya sake cire kan batir ya sake wanke mata ƙwaƙwalwa. Ta isa Ikara ba ta tuna komai. Kwamfuta ta duba ta ce babu laifi. Gilbert ya ce a kawo ta lokacin da take cikin yi.

Na ɗauki wannan magana da gaske. Wata rana da ta ƙame a hanyar dawowa, na ƙi kashe ta. Na yi kokawa da ita a haka tun daga bayan Taba har ƙofar gidanmu a Kudan, gumi ya jiƙa hijabina. Na bar ta a kunne, fitila na ci, na aika a kira Muktar ya wuce da ita Ikara yanzu-yanzu. Ya fito yana sakace, ya zura hannu ta taga ya kashe ta, ya ce mai ake ƙonawa a banza. Ko fitilar bai kalla ba. Da ya tayar, ta yi masa kirrr-rim ɗinta mai daɗi, ya juya sitiyari da tafin hannu ya dube ni. Ban taɓa jin sha'awar marin ɗan Adam irin ta ranar ba.

Na kawo shawara ta ƙarshe. Na ce Salman ya zauna a baya, Muktar a gefena, ni in tuƙa mu shiga burji, gani ya kori ji. Baban Wasila ya ce, "Me za a ce a gari? An ga matata ta ɗauko bakanike ta nufi daji da shi?" Surukata Inna Azumi kuma ta ce akwai tsohuwar tsamiya a hanyar nan, ba mamaki masu wurin ne ba sa son mace ta wuce su a guje. Aka yi wa marigayiyar hayaƙi har kujerunta suka ɗauki wari. Inna dai ta fi su, don ita ta yarda wani abu na faruwa.

Sai ranar da na ɗauko 'yar Lantana, wata dattijuwa ta ƙauyen da nake aiki, haihuwar fari, jariri ya zo a karkace. Muna isa kwanar kwalbati na ji ƙit. Na miƙe tsaye a kan sitiyarin nan, na taka birki, Allah ya taimake ni muka kauce wa kwalbatin muka faɗa cikin gonar rake. Babu wanda ya ji ciwo. A nan cikin raken na karɓi haihuwar, ɗa namiji, yana nan da ransa. Lantana ta zo har gidanmu ta ba da shaida. Ta ce, "Wallahi Malam, da idona na ga ta miƙe tana kokawa da abin nan, ya ƙi juyawa." Muktar ya tambaye ta ko ta san bambancin sitiyari da faifai. Aka yi dariya, tsohuwa ta ja mayafinta ta tafi.

A yammacin ranar aka karɓi mukullin daga hannuna. Baban Wasila bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Ba don komai ba ne, don lafiyarki ne. Masana biyu sun duba sun ce mota ƙalau take. Ke ce kika gaji, kuma ba abin kunya ba ne." Na yi shekaru ina juya jarirai a cikin iyayensu da hannun nan, rana ɗaya aka ce ban san abin da yake ji ba. Na shiga ɗaki na yi kuka, ba na ɓoyewa.

Aka naɗa Muktar direbana. Direban da in ya kai ƙarshen kwalta sai ya taka birki ya ce in sauka in hau acaɓa, wai ba zai kashe wa Yaya mota a burji ba. Motar tawa ta koma ta Yaya. Sauran yini kuma tana jigilar kwandunan tumatir zuwa Ikara, kujerar da Hassana da Hussaina suka faɗo a kai ta koma warin ruɓaɓɓen tumatir. A cikin wannan zamani ne jini ya ɓalle wa wata mai jego da rana tsaka, na kira wayar Muktar har ta gaji, muka ɗora ta a amalanken shanu zuwa bakin titi ina tafe a ƙasa riƙe da ledar ƙarin ruwa. Ta rayu, amma da ƙyar da jiɓin goshi. Tun daga ranar ban sake amsa wasan Muktar ba, aka ce na cika riƙo.

Ajali ya zo ranar Lahadi. An yi wa Muktar tayin rake mai araha a wata gona ta bayan Taba, sai ga shi burjin da zai kashe mota ya zama hanya. Karonsa na farko ke nan a kai, kuma a guje ya shige ta. Masu gonar da ke kusa sun ce sun ji ƙarar birki, sannan gwaram. Ta daki kwalbatin da gaba, inji ya tsage, ruwa da baƙin mai suka malale, ta yi wani dogon tsss ta yi shiru. Muktar ya tsira da karayar ƙashin kafaɗa da giɓi a haƙoran gaba. Na yi masa sannu, don ni ma'aikaciyar lafiya ce, kuma ni na fara ɗaure masa kafaɗar.

Yana kwance ya ce, "Sitiyarin ne ya ƙame." Sau ɗaya ya faɗa, da baki a kumbure. Kafin la'asar duk Kudan ta ɗauka. Babu wanda ya ce ya riƙa cin abinci, babu wanda ya nemi masana biyu. Salman da kansa ya zo dubiya da lemo, ya zauna yana girgiza kai yana cewa ai da ma irin motocin nan na lantarki haka suke, ba su da amana, shi ya daɗe da sani. Ina tsakar gida ina ji.

An yi binciken gawa ranar Talata. Baban Wasila ya ɗauko Gilbert ya duba abin da zai sayu a jikinta. Ni kuma ina kan acaɓa za ni aiki na gan su a kwanar, na ce wa mai acaɓa ya tsaya, ban nemi izinin kowa ba. Gilbert ya fito da kai daga ƙarƙashin sitiyari ya gaishe ni, sannan ya yi mini tambayar da tun bara nake jiran wani ya yi.

"Sista, wane lokaci take yin abin?"

Na ce, "A gargada. Ta ce ƙit, fitila ta kama. In na kashe na tayar ta saki."

Ya ce, "Kai! Ni ce mini aka yi nauyi kawai take miki."

Ya koma ciki da tocila yana girgiza wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Can ya fito da wata baƙar waya mai kauri, wadda ya ce ita ke haɗa ɗan injin sitiyari da ƙarfen jikin mota. Notin da ke riƙe da ita ya kwance, bakinta ya yi baƙi ƙirin da ƙuna. A kwalta tana kwance a wurinta, wuta na wucewa. In an shiga gargada sai ta yi tsalle, wuta ta yanke, injin ya tsorata ya janye hannunsa har sai an sake tayar da mota. Ya ce aikin sifana ne, da an gaya masa ko an shiga burji da shi, da ko zama ba zai yi ba.

Baban Wasila ya karɓi wayar, ya juya ta a hannunsa, ya daɗe yana kallon ƙunar. Na tsaya ina jira, har na fara shirya yadda zan ce ba komai, ya wuce. Ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Allah sarki. Ashe yaron nan Muktar gaskiya ya faɗa."

Mai acaɓar da ya kawo ni ma sai da ya sunkuyar da kai.

Da yamma a ɗakin Inna, Baban Wasila ya ce in kwantar da hankalina, in Allah ya hore za a yi wata motar, amma da direba, don abin da ya kayar da Muktar ina ga mace. Na ce na ji. Na ce amma ina da roƙo ɗaya game da jana'iza. Gilbert ya ce ƙafafun marigayiyar na juyawa, igiya kawai za a ɗaura a ja ta, sai dai dole wani ya zauna a ciki ya riƙe sitiyari, kuma sitiyarin mataccen inji nauyinsa ɗaya da wanda nake faɗa. Ɗaukar makara aikin maza ne. Na ce shi Baban Wasila nake so ya riƙe, daga kwalbati har inda kwalta ta fara, hanyar da na taɓa biyowa da ita a ƙame. In ya kawo ta bai tsaya hutawa ba, bai kuma zubar da ita a gona ba, na bar maganar tuƙi har abada, ko keke ba zan sake tambaya ba. In ya tsaya, mukullin mota mai zuwa nawa ne, kuma ba mai sake karɓa.

Ya yi dariya ya ce, "Sitiyari ne fa, ba bijimin sa ba." Inna ta ce, "To ni ce shaida, kada wanda ya zo mini da wata magana daga baya." Na san yana da ƙarfi, manomi ne, kuma in ya kai na sha ƙasa a gaban kowa. Na yarda da hakan.

Saboda haka ana sanar da jama'a cewa za a ɗauki gawar Uwar Biyu ranar Asabar bayan sallar azahar, daga kwanar kwalbatin bayan Taba. A-kori-kura ce za ta ja, a hankali, ba tare da kauce wa rami ko ɗaya ba. Baban Wasila ne a sitiyari. An keɓe wa Malam Salman kujerar gefensa, ya zo da ɗan yatsan nan nasa. Muktar an ɗauke masa saboda larura. Daga bakin kwalta 'yan gwangwan na Makarfi za su karɓe ta, ba za a yi mata salla ba tunda ƙarfe ce, ba zaman makoki, ba sadakar uku. Mai son yin jaje ya wuce ɗakin Muktar, can ake karɓa, ni na ƙoshi.

Ana gayyatar matan Taba da kewaye, musamman Lantana da duk wadda ta taɓa kwanciya a kujerar baya, su fito bakin hanya da 'ya'yansu, su jeru tun daga kwalbati, su buɗe ido da kyau, don a wannan karon su za a tambaya.

Ni kam mata ba sa raka gawa, ina gida. Zan ɗora babbar tukunya da ganyen darbejiya, irin ruwan da nake sa a dafa wa masu jego, Baban Wasila ya tarar da shi da zafinsa ya gasa kafaɗu.

Sanarwa daga mai makoki ita kaɗai,
Halimatusa'adiya Ismail, Kudan.